BBM da ya bar BlackBerry ya shiga Android da iPhone: abin da aka gani a teburin gyara

Ɗalibi, Madina: Assalamu alaikum, manya. Yara a nan suna ta tambaya me ya hana Apple sakin iMessage, manhajarta ta aika saƙo, ga masu Android. Na ji an ce BlackBerry ta gwada irin haka da BBM, tata manhajar aika saƙon. Waɗanda suka ga lokacin, ku ba mu haske.

Mai gyaran waya, Jidda: Wa alaikumus salam, ƙanena. A Mayun 2013 BlackBerry suka yi sanarwar sakin BBM ga Android da iPhone, daga baya suka sa ranar 21 ga Satumba. Kafin ranar sai wani tsohon kwafin na Android ya fita ta bayan gida, mutum sama da miliyan ɗaya suka sauke cikin awa takwas. Kwafin nan yana da aibi, yana jan data fiye da kima, har sabar kamfanin ta kasa ɗauka. Dole aka dakatar, aka janye na iPhone da ya fara fita a wasu ƙasashe. Sai 21 ga Oktoba aka sake saki, shi ma da layi: ka sa imel, ka jira a kira ka. A watan jiran nan ne Play Store ya cika da na bogi masu ɗauke da tambarin BBM. Wayoyin da aka riƙa kawowa Shari'a Falasɗin, titin masu waya a nan Jidda, suna zafi, talla na faɗowa barkatai, yawanci ciwonsu ke nan. Maganin a lokacin shi ne a goge, a duba sunan mai manhajar ko BlackBerry Limited ne.

Alhajin Shari'a Mansur, Makka: Malam ya faɗi gaskiya, amma ya tsallake PIN, lambar da ake ba mutum don a haɗu a BBM. A wayar BlackBerry, lambar nan mai harafi takwas a jikin waya take. A Android da iPhone kuwa an ɗaura ta ne a kan BlackBerry ID, asusun da ake buɗewa da imel. Yaron shago zai buɗe wa tsohuwa da imel ɗin da ya ƙirƙira nan take, ba wanda ya rubuta kalmar sirri. Ranar da aka yi wa waya fomat, PIN ya tafi, mutanenta duka sun tafi. Kuma asusu ɗaya waya ɗaya: ka shiga a ta biyu, ta farko ta fita.

Mai gyaran waya, Jidda: Haka ne, Alhaji. Ga kuma sharaɗin sai waya tana da Android 4.0 ko sama. Ƙananan Samsung masu 2.3, waɗanda su ne a hannun yawancin mutanenmu, sai Fabrairun 2014 suka samu.

Injiniya, Riyad: Ni inda nake ganin matsalar ta fi nan zurfi. BBM na asali yana tafiya ne ta hanyar BlackBerry kanta, da kunshin da ake saya wajen kamfanonin layi, STC ko Mobily ko Zain, shi ya sa D da R, alamomin saƙo ya isa da an karanta, suke fitowa nan take ko da sabis ya yi rauni. Wannan hanyar ce ma ta jawo takaddama da hukumar sadarwa ta nan Saudiyya a Agustan 2010. A gidan wani kuwa dokar mai gida ake bi. Android yana kashe manhajar da ke aiki a ɓoye, sai BBM ya kafa tambarinsa a saman allo ba ya sauka. Mutane suka tsane shi, suka kashe a saiti, saƙo ya koma zuwa a makare. A iPhone kuma sai abin da sanarwar Apple ta isar. WhatsApp a lokacin lambar waya kawai yake nema, ba roƙon PIN. A ƙarshen Mayun 2019 aka rufe BBM na jama'a.

Alhajin Shari'a Mansur, Makka: Ɗana, game da iMessage ɗinka: a Disamban 2023 wata manhaja mai suna Beeper Mini ta shigar da shi Android, cikin 'yan kwanaki Apple ta toshe. Abin da ta yarda da shi RCS ne, sabon tsarin saƙo mai maye gurbin SMS, daga iOS 18, shi ma sai kamfanin layinka ya buɗe. Ka duba saitin saƙonni a iPhone mai iOS 18 ko sama, in babu wurin kunna shi, daga layin ne.