Shin zamanin sojojin laima da jirage masu saukar ungulu ya wuce?

Mai Bibiyar Labarai:

Assalamu alaikum. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya tun farkon yaƙin Rasha da Yukiren. A ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da aka fara yaƙin, Rasha ta ɗebi zaratan sojojinta na laima a cikin jirage masu saukar ungulu ƙirar Mi-8, da rakiyar masu saukar ungulu na kai hari ƙirar Ka-52, ta sauke su a filin jirgin sama na Hostomel da ke dab da birnin Kyiv, da nufin su riƙe filin har manyan jiragen dako ƙirar Il-76 su iso da ƙarin dakaru. Sojojin Yukiren suka yi wa titin jirgin ruwan igwa, manyan jiragen ba su samu sauka ba, kuma kafin farkon Afrilu Rasha ta janye daga yankin baki ɗaya. Tun daga nan nake jin masu sharhi suna cewa an yi jana'izar sojan laima, kuma jirgi maras matuƙi ya karɓe aikin mai saukar ungulu. Ina roƙon masana su warware mini: gaskiya ne, ko kuwa an yi gaggawar yanke hukunci?

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a ɗora wa makaman zamani laifin abin da ya faru a Hostomel, yana da kyau a tuna cewa ciwon tsoho ne. Sojan laima yana sauka ne da abin da zai iya ɗauka a jikinsa, ba shi da tankar yaƙi, ba shi da manyan bindigogi, harsashinsa da abincinsa na 'yan kwanaki ne, don haka rayuwarsa ta rataya ne a kan ko rundunar ƙasa za ta cim masa kafin guzurinsa ya ƙare. A watan Mayun 1941 Jamus ta ƙwace tsibirin Kirit na ƙasar Girka da sojojin laima bayan sun kama filin jirgin Maleme, amma asarar da ta yi ta kai ga Hitler bai sake amincewa da irin wannan gagarumar dira ba. A Satumbar 1944 aka sauke kimanin mutum 10,000 a Arnhem ta ƙasar Holan, yawancinsu 'yan Birtaniya, don su riƙe gadar kogin Rhine, tankokin da aka yi musu alkawari suka maƙale a hanya, waɗanda suka tsallako kogin suka dawo ba su wuce 2,000 da 'yan ɗaruruwa ba. Idan ka ɗora labarin Arnhem a kan na Hostomel, za ka ga kusan zane ɗaya ne aka sake ɗaurawa.

Inda dira da laima ta yi nasara a shekarun baya-bayan nan, za ka tarar babu wanda ke jiran masu dirar da makamin kakkaɓo jirage. A Maris na 2003 Amurka ta sauke kusan soja 1,000 na birged ta 173 a Bashur da ke arewacin Iraƙi, amma filin yana hannun Kurdawa ƙawayenta tun kafin su iso. A ƙarshen Janairun 2013 Faransa ta sauke sojojinta cikin dare a arewacin Timbuktu don tare hanyar masu tayar da ƙayar baya, waɗanda ba su da ingantattun makaman kakkaɓo jirage. Ra'ayina shi ne sauke runduna guda a gaban ƙasar da ke da rada da makamai masu linzami ya riga ya zama tarihi tun kafin 2022, hafsoshi ne kawai ba su so su furta, domin jar hula da fukafukan da ake maƙalawa a ƙirji suna da daraja a bariki.

Tsohon Sajan:

Malam, na gaishe ka, kuma ban ƙi bayaninka a kan laima ba, sai dai ina roƙon kada a haɗa ta da mai saukar ungulu a kabari ɗaya. Na yi aiki a arewa maso gabas kafin in ajiye kaki, kuma abin da jirgin nan yake nufi ga sojan da ke daji ba ya fitowa a hotunan da ake yaɗawa. Na tuna wata rana da damina, hanya ta zama taɓo, kuma muna zargin an binne nakiya a cikinta, ga yaronmu kwance an ɗaure masa cinya da igiyar tsayar da jini, mun rubuta lokacin ɗaurin a goshinsa da biro don likita ya gani. Mun share fili, mun kwashe duk abin da iska za ta iya ɗagawa, har da leda da hular wani, muka kunna hayaƙi don matuƙi ya gane inda iska ta nufa. Jirgin bai kashe inji ba, bai kuma kai minti uku a ƙasa ba. Da mota ce, da sai dare za mu isa asibiti, in ma mun isa.

Jirgi maras matuƙi yana gani, yana kuma harbi, amma har yau ban ga wanda zai ɗauki mutum ashirin da kayansu ya tsallake da su fadama ba. A ƙasa mai faɗi irin Sahel, wadda hanyoyinta kaɗan ne kuma abokin gaba yana yawo a kan babur, mai saukar ungulu shi ne jakin soja. Ko laimar ma ba ta mutu ba ga ƙananan ayari: a ƙarshen Oktoban 2020, sojojin Amurka na musamman da laima suka dira a arewacin Najeriya suka kuɓutar da ɗan ƙasarsu da aka sace a Massalata kusa da Birnin Ƙonni. Haɗari kam akwai shi ko babu harbi, domin a Nuwamban 2019 jiragen Faransa biyu sun yi karo cikin duhu a Mali, soja 13 suka rasu.

Injiniyan Jirage:

Baba Sajan, Allah ya saka da alheri, abin da ka faɗa a kan jigila da kwashe masu rauni ba shi da ja. Amma ina ganin ya kamata a raba mai saukar ungulu gida biyu, na dako da na kai hari, domin makomarsu ba ɗaya ba ce.

Na kai hari shi ne yake cikin tsaka mai wuya. Alamun sun bayyana tun a Maris na 2003, lokacin da Amurka ta tura kimanin masu saukar ungulu na kai hari 30 ƙirar Apache kusa da Karbala, aka kakkaɓo ɗaya, kusan duk sauran suka dawo da raunin harsashi, kuma yawanci ƙananan bindigogi ne suka yi wannan aikin. A Yukiren abin ya kai ga matuƙan ɓangarorin biyu suna tafiya dab da kan bishiyoyi, su ɗaga hancin jirgi su saki rokoki daga nesa ba tare da sun ga abin da suke harbi ba, sannan su juya da sauri, wato an mayar da jirgin miliyoyin daloli ya zama igwa mai tashi. Duk da haka ba zan ce ba shi da amfani ba, domin a tsakiyar 2023, lokacin da Yukiren ta kai farmaki a yankin Zaporizhzhia, jiragen Ka-52 na Rasha sun riƙa laɓewa a tazarar kilomita 8 ko fiye, inda makamin kafaɗa ba ya kai wa, suna lalata motoci masu sulke da suka maƙale a filayen nakiya. Amsar da Yukiren ta bayar ita ce ta bi su har makwanci: a Oktoban 2023 ta harba makamai masu linzami na ATACMS kan filayen jiragen sama na Berdyansk da Luhansk da ke hannun Rasha ta lalata jirage a ƙasa. A ranar ƙarshe ta 2024 kuma, wani jirgin ruwa maras matuƙi na Yukiren ya harbo Mi-8 na Rasha a gaɓar Kirimiya.

Idan ana son sanin abin da hafsoshi suka gaskata, a dubi inda suke zuba kuɗi. A Disambar 2022 Japan ta bayyana cewa za ta yi ritayar jiragenta masu saukar ungulu na kai hari da na leƙen asiri ta maye gurbinsu da marasa matuƙa. A Fabrairun 2024 Amurka ta soke shirin FARA na ƙera sabon jirgi mai saukar ungulu na leƙen asiri bayan ta kashe aƙalla dala biliyan 2, tana kafa hujja da darasin Yukiren, amma ba ta taɓa shirin sabon jirgin dakon soja na kamfanin Bell ba, wanda farfelarsa ke juyawa ya tashi kamar ungulu ya yi gudu kamar jirgi mai fukafuki. Sai ga Polan, wadda take maƙwabtaka da yaƙin, ta sa hannu a Agustan 2024 kan sayen Apache 96, abin da ke nuna cewa ko masu abin ba su gama yanke shawara ba. Ni dai inda zan sa kuɗina shi ne matuƙi ya tsaya can baya, ya riƙa aika ƙananan jirage marasa matuƙa su shiga wuta a madadinsa.

Mai Bibiyar Labarai:

Na gode ƙwarai, na ƙaru. Abin da ya rage mini shi ne batun namu yankin. Najeriya ta sayi masu saukar ungulu na kai hari ƙirar T129 daga Turkiyya, ga Mi-35 na Rasha da take da su tun da. Tunda masu ɗauke da makamai a yankin Tafkin Chadi da Mali sun fara ɗaura bama-bamai a jikin ƙananan jirage marasa matuƙa na kasuwa, anya sararin da Baba Sajan ya kwatanta zai ci gaba da zama a buɗe?

Tsohon Sajan:

Ɗana, a sama ba na jin tsoronsu sosai tukuna, domin mai saukar ungulu ya fi su gudu. Inda hankalina yake tashi shi ne wannan minti ukun da jirgi yake ƙasa, ƙofa a buɗe, mutum huɗu suna ɗauke da gadon mai rauni, ƙarar farfela ta hana kowa jin wani sauti. A zamaninmu daji muke juya wa bindiga mu tsare gefen fili. Yaran da ke can yanzu sai sun ware mutum biyu da za su riƙa kallon sama, kuma sai an ba su na'urar toshe sigina tun kafin matuƙi ya yarda ya sauko.