Abin da aka tattauna kan komawa babban tankin kifi mai shuke-shuke da kuɗi kaɗan

Na bi maganganun jama'a na tattaro su a nan.

1. Kusan kowa ya yarda a sayi tanki na hannu, amma a cika shi da ruwa a waje ya kwana biyu, a ga ko yana yoyo. A duba silikon ɗin kusurwoyi ma, wato gam ɗin da ya haɗa gilasan.

2. Nauyi: litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Tankin lita 200 ya kai kilo 200 tun ba a lissafa gilashi da yashi ba, don haka teburin ɗaki ba zai ɗauka ba.

3. Wannan aka fi nanatawa, ni ma shi na fi tsoro. Kada a jefar da soson tsohuwar matatar ruwa (filta), a mayar da shi cikin sabuwar yana jiƙe. A cikinsa bakteriyar da ke cinye amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi) take. In za a ɗauraye shi, da ruwan tanki ne, kulorin na famfo yana kashe ta. Sabbin kifi kuma sai bayan makonni, kaɗan-kaɗan.

4. Shuke-shuke masu juriya: Anubias, Java fern, Vallisneria. Biyun farko a ɗaure su a jikin itace ko dutse, in an binne jijiyarsu mai kauri ruɓewa take yi. Fitila awa 6 zuwa 8, in ta wuce sai gansakuka.

Inda aka rabu: wasu sun ce ƙasa za a shimfiɗa a gindin tankin, a rufe da yashi. Wasu sun ce tana gurɓata ruwa in an tumɓuke shuka, gara yashi zalla da ƙwayoyin taki. Ƙara wa ruwan iskar CO2 kuwa, mafi yawa sun ce waɗannan shuke-shuken ba sa buƙatar hakan.