Ciwon baya ya hana ni aikin mustauda, ga iyali, wane shugul zan kama a Jidda?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen. Shekarata tara da wata huɗu ina lodi da sauke kaya a mustauda, wato sito, na wani kamfanin kayan abinci a nan Jidda, katon ɗin mai da buhunan shinkafa, tun ina jin kaina kamar doki har ga shi yau sa safa ma ya zamar min aiki. Ciwon ya kai shekara uku, ina shan Panadol ina shafa man zafi ina lallaɓawa, to bana abin ya gangaro ƙafar hagu har babban yatsa kamar ana jan jijiyar da wuta. An yi min hoton MRI likita ya ce gudruf ne, wai faifan da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya ta ƙasa ne ya turo yana danne jijiya, ba sai an yi tiyata yanzu ba amma in daina ɗaukar nauyi. Na ce dakta ai ɗaukar nauyin nan shi ne tuwona, murmushi kawai ya yi.

Manyan yarana biyu suna Kano wajen Hajiyarmu tun da kuɗin murafiƙai, wato harajin da baƙo ke biya kan iyalin da ke zaune tare da shi, ya kai riyal 400 kowane kai a wata, duk ƙarshen wata sai na tura na makaranta da na cefane. Nan daga ni sai uwargida sai Ilham 'yar shekara biyu, 800 kenan kafin a zo kan haya, ita kuma haya tun da aka rushe unguwarmu a 2022 ba ta sake sauka ba. Abin da ya fi ci min rai ma yarinyar nan ce, ina shigowa za ta rugo ta ɗaga hannu in ɗauke ta, ni kuma sai dai in wayance da waya. Mudir, wato manajanmu, ya fara min wani kallo saboda yawan fashi. Tunanina in ajiye aikin in karɓi haƙƙina in nemi mara nauyi, amma wanne? Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Kawu Na Madina:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba ka lafiya ya sa kaffara ne. Abu ɗaya zan roƙe ka, kada ka kuskura ka rubuta istiƙala, wato takardar ajiye aiki, yanzu ko da mudir ya kawo maka takardar har hannu yana washe baki. Kuɗin ƙarshen hidima lissafinsa rabin albashi ne kowace shekara a shekaru biyar na farko, daga nan cikakken albashi kowace shekara. Amma wanda ya ajiye aiki da kansa tsakanin shekara biyar zuwa goma kashi biyu cikin uku ake ba shi, sai ya cika goma yake kwashe duka. Kai saura wata takwas ka cika goma! In ka fita yau za ka tashi da na wata huɗu da rabi, in ka cika goma na wata bakwai da rabi ne, ka ga albashin wata uku za ka bar musu a banza. Kuma ka buɗe Qiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadago, ka duba ranar da kwantiraginka zai ƙare, don in shi ya ƙare da kansa ba kai ka katse ba wannan ba istiƙala ba ce.

Sannan fashin da kake yi daina yin sa da baki, duk ranar da bayan ya riƙe ka je asibitin da ta'amin ɗinku, wato inshorar lafiya, ya ɗauka a rubuta maka hutun rashin lafiya ya fito a Sehhaty, manhajar ma'aikatar lafiya. Dokar aiki ta ba ka kwana 30 da cikakken albashi, kwana 60 da kashi uku cikin huɗu, sai 30 babu albashi, duk a cikin shekara guda, kuma ba su da hurumin korarka kan ciwo kafin ka cinye waɗannan kwanakin. In sun matsa ka kira ma'aikatar ƙwadago a 19911.

Maganar ta'aminat, wato inshorar ma'aikata ta gwamnati, ta raunin wurin aiki kuwa ban so in sa maka rai, wannan ta fi ƙarfi ga wanda ya faɗo ko kaya ya danne shi aka kai rahoto cikin kwana bakwai, ciwon da ya taru a hankali wuyar tabbatarwa gare shi. Ni a ganina aikinka na gaba yana cikin mustaudan nan da kake, ka ɗauki rahoton likita ka je ka ce a mai da kai ƙirgar kaya da duba fatura, mutumin da ya shekara tara a wuri ya san inda kowane kwali yake kwana fiye da sabon da za su kawo. Ka dai guji tuƙin motar ɗaga kaya, girgizarta ma tana da illa ga mai gudruf.

Ɗan Misfala:
Yaya wlh ka shiga diliba kawai, mota ce da AC babu dako, abokaina da yawa shi suke yi. Ko ka shigo Makka lokacin Ramadan turin keken ɗawafi akwai kuɗi

Maman Walid:
Haba Ɗan Misfala, mutum na kukan baya kana tura shi turin keke a Harami? Ai keken nan shi ya kwantar da maza da yawa a unguwarmu. Dilibar ma zama ne awa goma a kujera sannan hawa bene da galan ɗin ruwa, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba yanzu sai ta ƙarƙashin kamfani, ga shi in aka kama mutum yana aikin da ba na kafilinsa ba, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, tara ce har da tarhil, a mai da shi ƙasarsu.

Baban Ilham sannu, ni ma shekara shida ina fama tun haihuwar autana, aikin shagala, wato aikatau, na yi da can, goge tayil a durƙushe da ɗaga tsohuwar gidan daga gado zuwa banɗaki. Kuskuren da na fara yi shi ne kwanciya, na yi sati biyu a shimfiɗe ina ganin hutu ne ashe ƙara sandarewa nake. Abin da ya taimake ni ilaj ɗabi'i, wato gashi da motsa jiki na asibiti, amma gaskiya ba na'urar da suke manna maka ce maganin ba, atisayen da za su koya maka ka riƙa yi a gida ne, da tafiya a ƙasa kullum bayan isha'i ko minti ashirin ne. Kaho na yi har sau uku, yana sa jiki ya saki na ɗan kwanaki amma ba ya mai da faifai mazauninsa, kada wani ya cinye maka kuɗi da wannan alkawarin. Voltaren da Brufen ɗin nan da muke sha kamar gyaɗa suna cin ciki suna taɓa ƙoda, kada ka mai da su na kullum ba da sanin likita ba, Tramol kuwa ko kyauta aka ba ka babu takardar likita ka gudu, ka san ƙasar da muke.

Wannan kuma ka gaya wa matarka ma ta sani: ranar da ka ji tsakanin cinyoyinka ya mutu ba ka jin taɓi, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zubowa ba ka sani ba, ko ƙafar ta fara ja ba ka iya ɗaga ta, ba a jiran safiya, ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, kai tsaye.

Ita kuma Ilham ba sai ka wayance ba, ai yaro yana ganewa. Kana shigowa ka wuce ka zauna a majalis ka kira ta ta hau cinyarka da kanta, kwana uku za ta saba, nawa haka na yi da shi har ya girma yana cewa mama zauna in zo. Sallah ma ka yi a kujera ranar da ya motsa, hadisin Imrana bin Husaini yana nan a Bukhari, ka yi a tsaye in ba ka iya ba a zaune. Kuma ka gaya wa Hajiya gaskiya, ku maza kuna ɓoye ciwo ana ta aiko muku da lissafi daga gida ana zaton riyal a bishiya kuke tsinka. In kana da ƙanne a Kano su kama kuɗin makarantar ko na zango ɗaya ne.

Kawu Na Madina:
Maman Walid ta gama magana. In ƙara da abu guda, ɗana kana jin Larabci kana jin Hausa, wannan ma jari ne. Lokacin Hajji kamfanonin da ke hidimar alhazan Afirka suna neman masu fassara, akwai izinin aikin wucin gadi ta Ajeer, shafin ma'aikatar ƙwadago, ka bi ta nan kada ka bi ta bayan gida. Gadin kamfani kam kada ka ɓata takalminka, na 'yan ƙasa ne. Haris na imara, wato maigadin gidan bene, kuma kada sunan ya ruɗe ka, wankin mota ne da ɗaukar tulun gas zuwa hawa na huɗu.

Baban Ilham:
Kawu wallahi ka cece ni, takardar istiƙalar tana aljihuna tun Lahadi ina jiran Alhamis in miƙa, yanzu na yaga ta. Na duba Qiwa kwantiragin saura wata biyar. Maman Walid na gode Allah ya saka da Aljanna, na gwada dabarar majalis ɗin jiya ta hau har da tsalle a kan cinyar mai ciwon, sai da na ce wash. Gobe zan kai wa mudir rahoton. Kawu wace kalma zan rubuta a takardar neman canjin wurin, naƙal dahili ko akwai wata da suka fi ganewa?