Yaya tsiro ke sarrafa microRNA idan zafi ya tsananta?

Ɗalibin noma, Wad Madani:
Assalamu alaikum, malamaina. A yankin Jazira na ƙasar Sudan kowa ya san cewa alkamar da aka makara wajen shukawa har Nuwamba ya wuce, zafin Maris kan riske ta tana cika tsaba, sai ƙwayar ta fito a motse. An koya mana cewa microRNA, wato ƙananan guntayen RNA da ke daidaita aikin ƙwayoyin gado, na da hannu wajen jure zafi. Shin zafin ne ke rage su baki ɗaya, ko kuwa tsiron ne ke zaɓar waɗanda zai ƙara?

Malamar kimiyyar tsirrai:
Wa alaikumus salam, ɗana. Zaɓa yake yi. Kowane microRNA yakan fara ne a matsayin dogon zaren RNA da ya naɗe kansa, sai furotin DCL1, da taimakon HYL1 da SERRATE, ya yanko ɗan guntu mai harufa kusan 21, HEN1 ya kare bakinsa daga lalacewa, sannan AGO1 ya ɗauke shi domin toshe saƙon haɗa furotin da ya dace da shi. Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne miR398 a Arabidopsis, wani ɗan ƙaramin tsiro da masana ke yawan gwaji da shi. Idan zafi ya yi yawa, furotin HSFA1b da HSFA7b kan ƙara samar da shi, shi kuwa ya danne CSD1 da CSD2, waɗanda aikinsu shi ne share sinadaran iskar oksijin masu cutarwa. Da gangan tsiron ke barin waɗannan sinadarai su ɗan taru, domin su ne ƙararrawar da ke tayar da furotin masu ba da kariya daga zafi.

Mai bincike, Sinnar:
Malama, a ƙara da miR156, wanda ke danne furotin SPL, ta haka tsiron da ya taɓa shan zafi yake riƙe shirinsa na 'yan kwanaki kafin wani zafin ya zo. A alkama kuwa an ga miR159 raguwa yake yi.

Jami'in gona, Mai Wurno:
Allah Ya saka da alheri. Sai dai ɗan'uwa ya lura cewa mafi yawan wannan bayani daga Arabidopsis aka samo shi, cikin ɗakin gwaji inda ake ƙara zafi na 'yan sa'o'i, alhali alkamarmu makonni take yi cikin zafi, ga ƙarancin ruwa a magudana. Abin da ke hannun manomi a yanzu shi ne shuka a kan kari da iri mai jure zafi kamar Imam.