Neman shawara: wane majigi zan saya wa iyali na kallon fim a gida?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Talabijin ɗinmu ta falo mai inci 32 ta mutu tun kafin azumi, sai na ga gara in sayi majigi, wato furojekta, mu riƙa haska fim a bango ni da maiɗakina da yara. Abin da na ware bai wuce naira dubu 150 ba. Na zaga Beirut Road nan Kano, na dawo kaina a ɗaure. Wani ya nuna min HY300, ɗan ƙaramin nan mai kama da gwangwani da ake juya kansa har ya haska silin. Wani ya ce Wanbo T2 Max. Na uku ya fito min da Epson na ofis ɗan tokunbo, ya ce duk sauran kayan wasan yara ne. Har da wanda aka rubuta "9000 lumens, 4K" a kwalinsa, kuma shi ya fi araha. Falon namu mita huɗu ne a tsaye, muna kan ƙaramar sola da inbata. Don Allah wanda ya taɓa amfani da su ya ba ni shawara.

Injiniya Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Malam, fara cire wancan mai "9000 lumens" daga lissafi. Ma'aunin haske da ake yarda da shi shi ne ANSI lumen, inda ake auna hasken da ya sauka a wuri tara na allo a ɗauki matsakaicinsa. Dubban da ake bugawa a kwalin masu araha ba wannan ba ne, sau da yawa hasken kwan ne tun bai ratsa gilashi ba, wani lokacin ma lamba ce kawai. In ka auna da gaske sai ka tarar bai wuce 200 ko 300 ba. Abin ya yi yawa har kamfanin Epson ya sha maka masu sayar da irin waɗannan a kotu a Amurka kan ƙaryar haske.

Haka zancen "4K". Tambayi mai kaya ainihin adadin ɗigon hoton da injin ke fitarwa, ba wanda yake karɓa ba. HY300 zai karɓi bidiyon 4K, amma 720p yake haskawa. Wanbo T2 Max 1080p ne na gaske. A inci 60 ba lallai ka damu ba, amma in ka buɗe hoton ya kai inci 100, rubutun fassarar da ke ƙasan fim ɗin Indiya zai nuna maka bambancin.

Maman Twins:
Ni dai ga abin da ya same ni. Bara na sayi wani mai araha, wata uku muna jin daɗinsa. Da hunturu ya shigo sai ɗigo-ɗigo baƙi suka fara fitowa a hoton, na goge gilashin gaba har na gaji, ashe ƙurar a ciki take. Daga baya wani tabo ruwan ɗorawa ya bayyana a tsakiya yana ta faɗaɗa. Mai gyara ya ce zafi ne ya ƙona fatar da ke jikin allon ciki. Har yanzu abin yana min ciwo, don kuɗin adashina ne. Baban Amira, ka tambayi zancen ƙura kafin komai.

Injiniya Abu Sadik:
Hajiya ta taɓo inda ya fi muhimmanci a garinmu. Masu arahar nan allon LCD guda ɗaya ne a ciki, fanka na jawo iska ta kansa don ya huce, ƙurar kuma tana biyo iskar. Akwai waɗanda aka rufe sashen gilasansu ruf, su za ka nema. In ba ka samu ba, ka zaɓi mai 'yar ƙofa a ƙasa da ake buɗewa a share. Kuma kada a ɗora shi a kan katifa ko kafet, yana toshe masa hanyar iska.

Alhaji Na Gwammaja:
Ni ina bayan Epson. Shekara biyar ke nan nawa yana aiki, da shi muke kallon ƙwallo a tsakar gida. Irinsu haskensu yana kai 3000 na gaskiya, ko da la'asar labule a buɗe za ka ga hoto. Tun muna yara da ake kawo majigi a mota ƙofar gidan hakimi, sai an yi isha ake kunnawa, saboda haske ne maƙiyinsa. Waɗannan ƙananan har yau haka suke, sai dare ko ɗaki mai duhu.

Ɗan Sola:
Alhaji gaskiya ka faɗa kan haske, amma ka duba ya ce ƙaramar sola gare shi. Masu kwan fitila irin na ofis suna jan wajen wat 300. Fim ɗin awa uku ya kusa cinye yunit guda na wuta, ga fanka ga firji, batir ba zai kai asuba ba. Ƙananan masu LED yawanci tsakanin wat 40 zuwa 100 suke. Sannan kwan fitila yana da iyaka, awa dubu huɗu zuwa shida a yawancinsu, canza shi kuma kuɗi ne mai kauri. LED ana ba shi awa dubu 20 zuwa sama. Ɗauke wuta farat ɗaya ma ba ya yi wa kwan fitila daɗi, da yawansu suna son fanka ta ci gaba da juyi bayan an kashe. In dai tokunbon ka nace, sa a buɗe maka menu ka ga awannin da kwan ya yi, kuma kada ka tsaya a nan, don ana iya mayar da lambar sifili. A haska maka farin shafi ka duba ko ya dushe ko ya yi rawaya.

Ummu Haidar:
Abu biyu da ba a ambata ba. Sauti: lasifikar cikinsu ba ta da ƙarfi, ƙarar fanka ma takan danne ta, ka ware wani abu don 'yar sifika ta Bluetooth ko ta waya. Sai Netflix: yawancin masu arahar ba su da lasisinsa, ko ya ƙi buɗewa ko hoton ya fito dishi-dishi, in ka haɗa daga waya kuma sai ka ji murya allo baƙi. Mu Fire TV Stick, 'yar na'urar kallon fim ta intanet, muka soka a kafar HDMI ta majigin aka huta. YouTube da filashi kam ba matsala.

Baban Amira:
Allah Ya saka da alheri. Da dare muke kallo bayan yara sun dawo daga Islamiyya sun ci abinci, don haka duhu ba matsala ba ne. Saboda batir na haƙura da Epson, Alhaji a yi min afuwa. Zuciyata ta karkata ga mai 1080p ko da zan ɗan ƙara kuɗi. Saura allo, sai na saya? Bangon falon ruwan madara ne.

Injiniya Abu Sadik:
Ba sai ka saya yanzu ba. Sami wuri mai santsi a bangon a shafa masa farin fenti marar ƙyalli, mai ƙyalli yana mayar da haske cikin ido. Hoton inci 100 faɗinsa mita 2.2 ne, tsayinsa mita 1.25, yawancin waɗannan injinan kuma suna son tazarar kusan mita uku kafin su cika shi, falonka ya isa. Amma ni zan ce ka tsaya a inci 80, hoton zai fi haske da kauri. Ka ajiye shi saitin tsakiyar bangon, kada ka dogara da gyaran kusurwa na cikin menu, yana rage kyan hoto. Ranar da za ka je, tafi da filashinka mai fim ɗin da ka sani, a shiga da kai cikin shago a kashe fitila, ka duba kusurwoyi huɗun ko rubutu ya fito tas kamar na tsakiya, ka bar shi ya yi minti ashirin yana aiki ka ji zafinsa da ƙarar fankarsa kafin ka biya.