Kallabin Inna a bango: aikin wa ne?

Bashar: Ni dai na je na gani jiya, zannuwa da kallabai na iyayen mutane da sunka rasu an ɗinke wuri guda, an yi ma bakin dajiya da jar fata an rataye. Gaskiya aikin da hannu ashirin sunka taɓa ba aikin kowa ba ne. Abin da ke zuciyar mutum shi kaɗai ka iya fiddo shi, in an yi taron dangi ya zama faci kawai

Anti Hadiza: Bashar kallabin Innata na ciki. Shuɗin nan na gefen hagu mai ƙuna a baki, wurin tuyar masa garwashi ya taɓa shi. Shekara shida yana cikin adaka ban iya buɗewa, ranar da munka zauna ɗinki ni na riƙe allura da kaina, matar da ke kusa da ni tana ɗinka zanen goyon da anka goye ta da shi, ba mu san juna ba amma har munka tashi babu wadda idonta ya bushe. Shi ne faci?

Bashar: Allah shi jiƙan Inna, Anti ki yi haƙuri ba raini nike ba. Amma sunan yaran nan biyu da sunka shirya aikin ne a takarda, ba naki ba

Malam Nasiru: Allah shi jiƙanta. Bashar dubi babbar rigar da ka sa ranar Sallah. Masaƙi daban, marini daban, wanda ya zana aska takwas daban, mai ɗinki daban, mabugi daban, kuma ba ka taɓa cewa ba ta kowa ba ce. Ko waƙa haka malamanmu sunka yi, tahamisi mi ne? Ka ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ka ƙara uku, waƙar ta zama ta mutum biyu

Safiya: Ko a waje haka ne. El Anatsui ɗan Gana da ya fara koyarwa a Nsukka tun 1975, murafan kwalabe yake haɗawa da waya, matasa da yawa ke taya shi ƙullawa, 2023 aikinshi ya cika babban zauren gidan baje kolin fasaha na Tate Modern a Landan

Bashar: To kin kawo min hujja Safiya. Sunan wa duniya ta sani, nashi ko na yaran? Awa jar fatar akuyarmu, majemanmu su jeme, a ƙetara hamada da ita, Turawa su ce fatar Maroko

Malam Nasiru: Nan kam kana da gaskiya

Kawu Sani: Ni abin da ya dame ni daban ne. Tufan mamaci a wurinmu rabawa akai ko a yi sadaka, ba a rataye wa baƙi su yi ta hoto da waya ba

Anti Hadiza: Kawu shi ma na yi tunaninshi, sai da na shawarci yayyena sunka amince. Gado ne an raba, ya faɗo rabona. Hoton kam ni ma ya sosa min rai, na ga wata ta jingina da shi tana dariya

Safiya: Sai a ce masu su hana hoto, kuma su rubuta sunan duk wadda ta ɗinka

Anti Hadiza: Nawa ba dole ba ne. Na Inna nike so a sa, da zare, ƙarƙashin ƙunar. Gobe in Allah ya kai mu zan koma in gaya masu