Bashin gida da na sola, a haɗa ko a raba?

Jiya a majalisarmu ta Kubwa an sha muhawara kan wannan, ga abin da na tsinta. Wai in bashin gidanka na NHF (asusun gidaje na ƙasa) ne mai ruwa 6%, kar ka kuskura ka mayar da shi bankin kasuwa don kawai su ƙara maka kuɗin gyara da saka sola, ruwansu ya haura ashirin, ga kuɗin lauya ga na mai kimanta gida. Gara ka nemi rancen gyaran gida na FMBN (bankin bashin gidaje na gwamnatin tarayya) ko ka bi ta kofaratif ɗin ofis.

Wani dattijo ya ce fara da silin da fankoki marasa shan wuta tukuna, sannan inbata da batir. Ni dai na yarda da shi, tun da kuɗin wutar Band A (rukunin masu samun wuta mafi yawa) ya koma N225 kowane yunit a 2024 mitata ke kuka kullum.